Neman Haihuwa Da Tsinken Gwaji: Riƙon Sababi Ne Ko Shisshigi Cikin Lamarin Allah?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kyauta ga wanda ya so a lokacin da ya so. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Makonni biyu da suka wuce wata takarda ta iso mana ta hannun malamar Islamiyyar matan aure. Ba a sa suna ba, mu ma ba mu nemi sani ba. Ga abin da ke ciki a taƙaice:

"Malam, shekarata uku da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni shawara in sayi tsinken gwaji da ke nuna ranakun ɗaukar ciki. Maigidana ya gan shi a durowa, ya zaci na hana haihuwa ne, kwana biyu bai ci abincina ba. Da na yi masa bayani sai ya kira Hajiyarsa a waya, ta ce wannan shisshigi ne cikin lamarin Allah. Shi kuma maigidan kusan rabin kowane wata yana hanya. Malam, na yi laifi?"

Mun san wannan magana ce mai nauyi a baki. To amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Kuma mun tabbata ba gida ɗaya ne ke cikin wannan hali a jama'armu ba. Shi ya sa muka ware takardar wannan Juma'a dominta. Wanda ya karɓa a ƙofar masallaci ya kai wa iyalinsa. Wadda ba ta karatun boko, maigida ya zauna ya karanta mata.

Amsa a gajarce: 'yar'uwa, ba ki yi laifi ba. Amma akwai sauran bayani, kuma mafi yawansa mu maza ya shafa.

Mai bayarwa Allah ne, nema kuma aikinmu ne

A Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya kasa bayinsa kashi huɗu a sha'anin haihuwa: wanda aka ba 'ya'ya mata, wanda aka ba maza, wanda aka haɗa wa duka biyun, da wanda bai samu ko ɗaya ba. Rabon nan gaba ɗaya ya jingina shi ga nufinsa. Saboda haka Hajiya ta yi gaskiya da ta ce haihuwa ta Allah ce. Inda muka rabu da ita, cikin ladabi, shi ne zaton cewa wanda ya yarda da haka sai ya naɗe hannu ya zauna.

Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsufa, matarsa ba ta haihuwa, amma bai bar roƙo ba. Da aka amsa masa, a Suratul Anbiya Allah ya ambaci cewa ya gyara masa matarsa, kuma da yawa daga malaman tafsiri sun ce ma'anarsa an gyara ta ta iya ɗaukar ciki. Kun ga ko a wurin mu'ujiza sai da aka bi ta gyaran jiki. Nana Maryam tana cikin naƙuda aka umarce ta ta girgiza kututturen dabino, alhali Wanda ya ba ta ɗa babu uba yana da ikon zubo mata dabinon tana zaune. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Imamul Buhari kuwa babi guda ya buɗe a Kitabun Nikahi a kan neman ɗa, ya kawo labarin Jabir ɗan Abdullahi yana dawowa daga tafiya yana sabon aure, Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da shi ya nemi haihuwa idan ya isa gida.

Mu da ke harkar citta a wannan yanki ba ma buƙatar dogon misali. Manomin Kachia ko Kwoi ya san lokacin da ake binne iri a farkon damina, ba ya shuka a tsakiyar hunturu ya ce ya dogara ga Allah. Babu wanda ya taɓa ce masa ya yi shisshigi don ya ƙirga watanni. Sannan duk muna tuna 2023, shekarar da cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna. Mutane sun shuka a kan lokaci, sun sa taki, sun yi noma, gonaki suka ruɓe a idonsu. Darasi biyu ke nan a gona ɗaya: barin sababi sakaci ne, kuma sababi ba ya bayar da komai sai da izinin Mai shi.

Mene ne tsinken, me yake aunawa?

Rigimar gidan nan daga rashin sani ta taso, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu yi bayani.

Allah ya halicci mace da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa. A kowane zagayen al'ada, galibi ƙwai ɗaya ne ke nuna ya fito, ya shiga bututun da ke kai shi mahaifa. Wannan ƙwai ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana jira. Ƙwayoyin haihuwa na cikin maniyyi kuwa suna iya rayuwa a jikin mace har kwana 5. Idan aka haɗa lissafi, ranakun da ciki ke iya shiga a wata kamar shida ne kacal: kwana biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Mafi ƙarfinsu su ne biyu ko ukun ƙarshe.

Kafin ƙwan ya fito, wani sinadari da likitoci ke kira LH yakan ƙaru ƙwarai a cikin jini, har ya bayyana a fitsari. Bayan tashinsa da kamar awa 24 zuwa 36 sai ƙwan ya fita. Tsinken da ake magana a kai, wanda a kemis ake ce wa tsinken obuleshan, wannan sinadarin kaɗai yake gani. Ba a shan sa, ba a cusa shi a jiki, ba ya hana ciki, ba ya kuma sa ciki. Yana kama da tsinken gwajin ciki kamar an tsaga kara, amma aikinsu daban, don haka a duba kwali kafin a biya.

Wani zai ce, wannan ba da'awar sanin gaibu ba ne, alhali Allah ne ya san abin da ke cikin mahaifa? To, wanda ya ga hadari ya haɗo ta wajen dutsen Kagoro ya ce a kwashe shanya, gaibu ya sani? Alama ya gani wadda Allah ya sanya a halittarsa. Wani lokaci ma hadarin ya watse ba a samu ko ɗigo ba. Haka tsinken yake. Ba zai gaya miki za ki samu ciki ba, balle namiji ne ko mace, mai arziki ne ko talaka, ɗan aljanna ne ko waninsa.

Lura da jiki da ƙirga kwanaki kuwa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Duk wadda ta karanta Ahalari ko Risala ta wuce ta babin haila, an koya mata ƙirga kwanakinta da gane alamar tsarki. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa matan Madina sukan aika wa Nana A'isha audugar da suka duba kansu da ita, tana gani tana gaya musu ko tsarki ya samu ko su dakata. Ba ta kore su ba, ba ta ce sun yi rashin kunya ba.

Yadda ake amfani da shi

Tunda za a kashe kuɗi, gara a yi abin daidai. Kowane kamfani da takardar bayaninsa a cikin kwali, ita ce gaba, amma ga abin da galibinsu suka haɗu a kai.

Na ɗaya, a san tsawon zagayen al'ada. Ana ƙirgawa daga ranar farko ta ganin jini zuwa ranar da ta gabaci jini na gaba. Daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Mutane da yawa sun haddace cewa ƙwai na fita rana ta 14, amma wannan na mai kwana 28 ne. Ainihin lissafin shi ne kamar kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Mai kwana 32, nata yana kaiwa wajen rana ta 18.

Na biyu, a cire 17 daga tsawon zagayen, abin da ya rage shi ne ranar fara gwaji. Mai 28 ta fara rana ta 11, mai 32 rana ta 15, mai 26 rana ta 9. A gwada kullum a lokaci ɗaya har a ga alama.

Na uku, yawancin irin waɗannan tsinkaye ba a son fitsarin farko na asuba. An fi son tsakanin hantsi da magariba, kuma a rage shan ruwa kamar awa biyu kafin gwaji, don kada fitsarin ya tsinke.

Na huɗu, a tari fitsari a ƙaramin mazubi mai tsabta, a tsoma tsinken kada ya wuce layin da aka shata, a ajiye shi a kwance, a karanta a cikin mintunan da takardar ta faɗa. Wanda ya kwana ko ya daɗe a ajiye ba a aiki da shi.

Na biyar, nan ne aka fi kuskure. A gwajin ciki, ko layi na biyu ya fito dishi-dishi ana cewa akwai. A wannan kuwa ba haka ba ne. Sai layin da ke wajen harafin T ya yi duhu kamar na wajen harafin C, ko ya fi shi. Idan layin C bai fito ba sam, tsinken ya lalace. Ranar da aka ga layi biyu masu duhu da washegarinta su ne ranakun da ake nema.

Na shida, zafi da danshi suna ɓata shi. A saya a kantin magani mai rajista, a duba wa'adinsa da lambar NAFDAC, kada a sayi wanda ya wuni a rana a kan tire a tasha.

Wadda ba ta da halin saye kada ta damu. Jiki da kansa yana ba da alama: a waɗannan ranaku mace takan ga wani ruwa garai-garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Kuma likitoci suna cewa ma'auratan da ke tare kullum, idan suna kusantar juna duk bayan kwana biyu ko uku a tsawon tsarki, ba za su kuskure ranakun ba ko babu tsinke.

Mu da rabin rayuwarmu ke kan hanya

To ga inda maganar ta zo kanmu. Tun da layin dogo ya iso Kafanchan a shekarun 1920 garin ya zama mahaɗa, fatauci ne ya kawo iyayen wasunmu, wasunmu kuma da ƙafarmu muka zo daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato da sauran garuruwa. Har gobe abincinmu a hanya yake. Wannan yana bin kasuwannin ƙauye yana tara kaya, wancan ya bi mota zuwa Dawanau, wani Legas, wani Anacha. Akwai ma waɗanda iyalinsu na can gida, sai ƙarshen wata ko bayan wata biyu a leƙa a kwana uku a juyo.

Yanzu mu yi lissafin 'yan kasuwa. Matarka mai kwana 28 ce, ranakunta suna tsakanin rana ta 9 da ta 14. Kai kuma ka saba fita a rana ta 8 ka dawo ta 17, wata bayan wata. Wallahi za ku iya shekara biyu a haka, kai lafiyarka lau, ita lafiyarta lau, ana ta kai ta wurin masu magani, ana ce mata juya. Ka san ranar kowace kasuwa daga nan har Zonkwa, ka san lokacin da farashi ke tashi da lokacin da yake faɗuwa, amma kwana shida na gidanka ba ka san su ba.

A nan tsinken yake da amfani sosai. Ta gwada wata biyu ko uku, ta rubuta a kalanda ranar da jini ya zo da ranar da layi ya yi duhu. Daga nan za ku gane tsarinta, sai ka tsara tafiyarka a kai, ka kasance a gida kwana biyu ko uku kafin ranar, domin kwanakin da suka gabace ta suna cikin mafi muhimmanci. Wannan ya fi a kira ka a waya kana Legas a ce layi ya fito. Kuma muna roƙo, kada wani ya kama hanyar dare saboda tsinke. Kun san halin hanyoyinmu. Wata mai zuwa yana nan in Allah ya kai rai.

Manzon Allah (SAW) ya siffanta tafiya da yanki na azaba, ya yi umarni cewa idan mutum ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace ke iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi a waje. Idan an yi wa mai jihadi iyaka, ina ga mai neman riba? Malamanmu sun ce miji ba ya yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, sai da izinin matarsa, saboda ita ma tana da haƙƙi a samun ɗa. Haihuwa ba buƙatarka ce kai kaɗai ba, kuma ba aikinta ne ita kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu hukunce-hukunce

Tsarki: fitsari najasa ne. A ware mazubin gwaji daban da kayan abinci, a wanke hannu da duk inda ya taɓa, a naɗe tsinken a jefa a shara inda yara ba za su ɗauka ba. Farin ruwan da muka ambata ba ya wajabta wanka.

Haila: wadda zagayenta gajere ne tana iya ganin alama jini bai gama ɗaukewa ba. Tsinke ba ya halatta abin da Allah ya haramta. Sai jini ya ɗauke ta yi wanka. Wadda kuma ke ganin ɗan ɗigon jini a tsakiyar wata, ta kai wa malama lissafin kwanakinta, domin hukuncin ya danganta da su.

Azumi: yin gwajin ba ya karya azumi. Amma layi ya fito da azahar a watan Ramadan ba uzuri ba ne. Wanda ya kusanci iyalinsa da rana da gangan, akwai ramuwa da kaffara a kansa: ciyar da miskinai 60, ko azumin wata biyu a jere, ko 'yanta wuya. Dare yana nan, kuma ya wadatar.

Rabon kwana: idan ranar ta faɗo a girkin abokiyar zama, ba ya halatta maigida ya ɗauke kwanan sai da yardar mai shi. Tana iya kyautar da shi, kamar yadda Nana Sauda ta ba Nana A'isha kwananta, ko su yi musanya. A roƙa da girmamawa, ba a tilasta. Ke kuma uwargida da Allah ya ba zuriya, idan kika sauƙaƙa wa 'yar'uwarki, ladanki na wurin Allah.

Sirri: a hadisin Muslim an yi kashedi mai tsanani ga ma'auratan da ke yaɗa sirrin shimfiɗarsu. Ɗaukar hoton tsinke ana watsawa a zaurukan WhatsApp tare da labarin abin da ya gudana a ɗaki bai dace ba. Likita da ma'aikaciyar jinya daban ne, su lalura ta sa a gaya musu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Zaɓen jinsi: masu cewa in an kusanci iyali rana kaza za a samu namiji ba su da tabbataccen dalili a likitance. Abin da ilimi ya tabbatar shi ne ƙwayar da ta fito daga namiji ce ke ɗauke da abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Mai fushi da matarsa don tana haifar mata ya ji tsoron Allah.

Sannan kada a mai da ɗakin aure wurin aiki. Wasu ma'auratan lissafi yakan cinye musu nishaɗi, har kusantar juna ta zama kamar biyan bashi. A riƙe addu'ar da aka koyar kafin saduwa, a riƙe wasa da dariya. Idan gwajin ya fara kawo faɗa da ƙunci, a ajiye shi wata ɗaya ko biyu.

Inda tsinke ya tsaya

Yanzu mu koma ga mai tambaya. 'Yar'uwa, kin ce shekara uku. Gaskiyar da za mu gaya miki da maigidanki ita ce kun wuce matakin tsinke kaɗai. Tsinke ba ya nuna ko bututun mahaifa a buɗe yake ko a toshe. Ba ya nuna lafiyar maniyyi. Ba ya ma tabbatar da cewa ƙwan ya fita, alamar shirin fitarsa kawai yake nunawa. Mai matsalar da likitoci ke kira PCOS, wadda al'adarta ke yin tsalle, tana iya ganin layi biyu sau da yawa ba tare da ƙwai ya fita ba.

Ƙa'idar likitoci ita ce: idan an shekara ɗaya ana tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, a je asibiti. Idan matar ta kai shekara 35, wata shida ya isa. Idan al'ada ba ta zuwa a kan tsari, ko tana zuwa da ciwo mai tsanani, ko ɗayanku ya taɓa ciwon sanyi, kada a jira. A ƙasashenmu, toshewar bututu sanadin cutar da ba a yi maganinta da kyau ba, bayan haihuwa ko ɓari ko ciwon sanyi, tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa, har ga wadda ta taɓa haihuwa a baya. A fara da babban asibitin nan na Kafanchan. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na Jos, ko Barau Dikko a Kaduna, ko Shika a Zariya. Ma'aikaciyar da za ta duba ki tana iya zama 'yar Bajju ko Ham ko Fantswam, maƙwabtanmu da muke ciniki da su kullum. Babu laifi a karɓi magani daga hannun wanda ya san aikinsa kuma yake da amana.

Kuma ku je ku biyu. A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu arziki da na talakawa. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyin haihuwarsa daban. Hangum da ya kama mutum bayan balaga har ya sauka a maraina, tsohon ciwon sanyi, shan taba, duk suna iya taɓa su. Gwajin maniyyi kuwa babu allura babu tiyata, ya fi gwaje-gwajen mata sauƙi nesa ba kusa ba, kuma malamai sun yi rangwame a kansa saboda lalura.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, jama'a. Mun sha gani mutum ya auri ta ɗaya shiru, ya sake ta, ya auri ta biyu shiru, ya ƙaro ta uku. Waɗanda ya saka sun yi aure wani wuri suna goyo, shi kuwa ko sau ɗaya bai taka asibiti ba. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba. An ruwaito cewa wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure, Sayyidina Umar ya tambaye shi ko ya sanar da matar, ya ce a'a, sai ya umarce shi ya je ya gaya mata ya ba ta zaɓi. Ƙarin aure halal ne, babu mai ja. Amma ɗora wa baiwar Allah laifin da ba a bincika ba, wannan ba ya cikin halal.

A kiyayi hanyoyi uku. Ta farko, boka da ɗan duba: a hadisin Muslim, wanda ya je ya tambaye su ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ta biyu, sayen ƙwayoyin sa ƙwai irin su Clomid a kemis ba da umarnin likita ba, da cushe-cushen haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, domin suna iya jawo ciwon da babu shi a da. Ta uku, 'yan damfara. A 2024 sashen binciken BBC ya bankaɗo wasu wurare a jihar Anambra da ke karɓar maƙudan kuɗi suna ce wa mata suna ɗauke da cikin da hoto ba ya gani, daga baya a miƙa musu jariran wasu. Duk wanda ya ce kada ki je asibiti a duba ki, ki guje shi. Idan kuma likitoci suka kai ga shawarar dashen ciki, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta halatta shi in akwai buƙata, da sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a dasa.

Kalma ga iyaye da sauran jama'a

Iyayenmu mata, Allah ya saka muku da alheri, mun san son jika ne. Amma yarinyar nan da aka kawo garin da ba ta da uwa ba ta da yaya, duk wata idan ta ga jini sai ta shiga ɗaki ta yi kuka ita kaɗai. Kiran waya daga gida ana cewa "har yanzu shiru?" ba ya ƙara mata komai sai ciwo. Ku ce wa ɗanku ya kama hannunta su tafi asibiti. Matan unguwa kuma, a bar habaici a gidan suna da gidan biki. Nana A'isha ba ta haihu ba, ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi saboda ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu, kuma ita ce uwar muminai da muke karɓar addini daga bakinta har yau. Darajar mace a wurin Allah ba a ɗakin haihuwa ake auna ta ba.

Kai kuma maigidan mai tambaya, in wannan takarda ta iso hannunka: matarka ba ta ɓoye maka sharri ba, ɗanka take nema. Ka ba ta haƙuri a kan kwana biyun nan. Ke ma daga yau ki riƙa shawara da shi kafin ki sayo, don a toshe ƙofar zato. Ku ɗauki kalanda ku zauna tare, ku sa ranar zuwa asibiti kafin tafiya ta gaba. Ku yawaita istigfari, domin a Suratu Nuhu an haɗa shi da samun dukiya da 'ya'ya. Ku yi sadaka, ku tashi cikin dare ku roƙa. Bayan haka abin da Allah ya zaɓa muku shi ne alheri, ko ya zo da wuri, ko ya jinkirta, ko ya musanya da wani abin.

Ya Allah, Ka ba masu nema zuriya ɗayyiba. Waɗanda Ka ba, Ka shirya musu su. Masu ciki Ka sauke su lafiya. Waɗanda Ka jinkirta wa Ka sanyaya zukatansu, Ka kare su daga bakin mutane. Ka tsare matafiyanmu a hanya, Ka sa albarka a kasuwancinmu, Ka zaunar da Kafanchan da kudancin Kaduna da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah ya yafe mana.